Mu bar musu giyar, mu ɗauki dabarar

Makon jiya a ajina a Sokode muna karanta darasin Faransanci kan wani iyali a ƙasar Faransa masu gonar inabi. Kakan ne ya shuka, ɗansa ke matse inabin ya yi giya, jikokin kuma sun gyara ɗakuna a tsakiyar gonar suna saukar baƙi. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, ai wannan haram ne, me za mu koya a ciki?"

Yaron bai yi ƙarya ba. Hadisi ya la'anci mai matse giya da mai ɗaukarta da mai sayar da ita, ba mai sha kaɗai ba. Amma na ce masa ya sake duba abin da mutanen nan suka yi. Ba su sayar da amfanin gonarsu ɗanye ba. Sun sarrafa shi a gida, sannan suka sa baƙo ya zo da ƙafarsa, ya kwana, ya ci, ya saya. Gona ɗaya, hanyar samu uku, kuma 'ya'yansu ba su gudu birni ba.

To, 'yan'uwa, mu fa? Yankinmu na Tsakiya yana cikin manyan masu noman kashu a Togo. Kowace kaka dillalai su auna ƙwayar a buhu, a kai tashar jiragen ruwa ta Lome, a wuce da ita Indiya ko Biyetnam a ɓare. Tsokar 'ya'yan kuwa, wadda za a iya matsewa a yi lemo na halak, sai dai ta ruɓe a gindin itace.

A Dapaong na yi makarantar horon malamai, na kuma ga matan maƙwabtanmu da ba Musulmi ba suna dafa cukutu, burkutun dawa ke nan, a cikin gidajensu. Da kuɗinsa wasu ke biya wa 'ya'yansu makaranta. Ban taɓa kai shi baki ba, amma zaginsu bai taɓa sa hatsi a tukunyar kowa ba. Su dai sun mai da dawarsu sana'a.

Na san za a ce baƙo ba ya sauka inda babu giya, balle ga dokar ta-ɓaci da aka sa a yankin Savanes tun watan Yunin 2022. Wane baƙo? Ku tsaya bakin babban titin da ya ratsa Sokode da Dapaong, ku ƙirga direbobin manyan motoci masu zuwa Burkina Faso da Mali. Ku tuna yadda gari ke cika lokacin bikin Gadao-Adossa. Da yawansu abin da suke nema shi ne ɗaki mai tsafta, buta, wurin salla da tuwo mai zafi.

Abin da ke damuna, ɗaliban da na koyar sun fara kama aiki a masaukan da ake sa su ɗaukar kwalabe, don babu wani aikin. Wa'azi kawai ba zai fitar da su ba. Iyali ɗaya mai gonar kashu ko mangwaro a bakin hanya, ya gina ɗaki biyu ko uku, ya sayi injin matse lemo, ya ɗauki yara biyu aiki. Da haka za a fara, in Allah ya yarda.