Imani da ƙaddara a bakin Kogin Haɗeja

A damunar 2022 Kogin Haɗeja ya tumbatsa, ya shafe gonakin shinkafa da gero daga Auyo da Kafin Hausa har Guri da Kiri Kasamma. Gidajen ƙasa suka zube, aka rasa rayuka. Shekara biyu bayan nan, ranar 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta yi bindiga a Majiya, kan hanyar Kano zuwa Haɗeja, fiye da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. A irin waɗannan zaman makoki, akwai tambayar da ke kai-kawo a zukata ko da baki bai furta ta ba: don me talaka mai sallah zai kwana a makarantar firamare da iyalinsa, alhali wanda ya ɓoye hatsi yana jiran farashi ya hau yana barci lafiya?

Bai kamata malamai su yi wa mai wannan tambaya tsawa ba. Annabi Musa (AS) da kansa, kamar yadda Suratul Kahfi ta ba da labari, bai iya yin shiru ba sa'ad da Halliru ya huda jirgin wasu miskinai masu neman abinci a kan ruwa. Sai daga baya ya ji cewa akwai wani sarki a gaba mai ƙwace duk lafiyayyen jirgi. Masuncin da ke tura kwalekwale a fadamun Haɗeja zuwa Nguru ya fi kowa sanin zafin a huda wa mutum abin sana'arsa. Masu jirgin kuwa, a iya abin da surar ta faɗa, ba a zaunar da su an yi musu bayani ba. Haka mafi yawanmu muke: muna ganin hudar, ba ma ganin sarkin. Mumini yana sakankancewa cewa babu abin da ke kuɓuce wa ilimin Allah da ikonSa, kuma babu zaluncin da zai wuce ba hisabi.

Sai dai akwai inda ake karkatar da wannan aƙida, kuma a nan ne muke jan hankali. Malaman Sunna sun daɗe da bambancewa: ƙaddara abin rarrashin zuciya ce ga wanda musiba ta faɗa wa, amma ba hujja ba ce ga mai laifi ko mai sakaci. Uwar da ta rasa ɗanta tana da haƙƙin ta ce haka Allah Ya so. Wanda aka damƙa wa amanar kayan agaji ya karkatar da su ba shi da wannan haƙƙi.

Ambaliyar Haɗeja ma tana da sabubban da ido ke gani. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin gudanar kogin ya sauya, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya cike wasu. Waɗannan aikin hannu ne, kuma hannu ne zai gyara su. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, an tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Matasan Haɗeja da suka yi ta ɗura ƙasa a buhuna suna ƙarfafa jinga a 2022 sun bi wannan fahimta, ko sun taɓa jin ƙissar ko ba su taɓa ba.

Don haka muna kira ga limaman Juma'a na masarautar da su haɗa huɗubar haƙuri da ta amana. Gwamnatin Jigawa da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are kuma su sa yashe kogi da cire kacala da gyaran jinga a gaba tun da rani, su kuma riƙa sanar da ƙauyukan bakin ruwa a kan kari kafin Agusta ta kama.