Maƙeri Ya Ce Da Saura, Manya Suka Ce A Kai Kasuwa

Duk wanda ya taɓa tsare wa maigidansa kanti a Idumota ko Sabo ta Ibadan ya san tashin hankalin da ake shiga in dare ya yi lissafi ya ƙi cika. To, irin wannan ne ya sami masu riƙon ƙananan gidajen waya a Ingila, sai dai su ba hannun mutum ne ya taɓa kuɗin ba, kwamfuta ce ta yi musu ƙarya.

A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara aiki da wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin ICL, mallakar Fujitsu na Japan, ya ƙera. Tun kafin a fito da ita, a 1998, an sa waɗansu ma'aikatan kamfanin su duba kurakuran da suka yi mata katutu. Ɗaya daga cikinsu, David McDonnell, ya ba da shawara a sake rubuta sashen da ke lissafin tsabar kuɗi tun daga tushe, domin faci ba zai riƙe shi ba. Manya suka ƙi. Aka ci gaba da faci a kan faci, a toshe nan ta ɓulle can. A 2022 ya bayyana gaban kwamitin bincike ya faɗi yadda aka yi watsi da maganarsa, watau shekara 24 bayan ya yi ta.

Takaicin ma'aikaci irin wannan ba ƙarami ba ne. Shi ya san inda ginin ya tsage, amma ba shi ke da ikon cewa a dakata ba. Masu wannan iko kuwa idonsu na kan ranar miƙa aiki da kuɗin kwangila.

Abin da ya biyo baya sai a ce innalillahi. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗin da babu shi, yarjejeniyar aiki kuma ta ce mai riƙon gidan waya shi zai cika daga aljihunsa. In mutum ya buga waya ya kai kuka, sai a ce masa ai shi kaɗai ke da wannan matsala. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da mutum fiye da 900 kan sata ko lissafin ƙarya. Waɗansu suka sayar da gidajensu, waɗansu aka ɗaure su, har da wata mata da aka kai kurkuku a 2010 tana da ciki. Bugu da ƙari, hukumar ta yi ta musun cewa ma'aikatan Fujitsu na iya shiga lissafin reshe daga nesa su canza shi, alhali kuwa suna iyawa.

Kotuna ma ba su fita ba. Dokar Ingila ta ɗauka kwamfuta daidai take aiki sai in wanda ake ƙara ya nuna akasin haka. Ina talaka mai sayar da kan sarki zai sami hujjar da ke kulle a ofishin masu ƙararsa? Wannan zalunci ne, ko da alƙali bai yi nufinsa ba.

Sai da Alan Bates ya tara 'yan'uwansa 555 suka kai ƙara, sa'an nan a Disamba 2019 Mai Shari'a Fraser ya tabbatar manhajar na da kurakuran da ke haddasa giɓin. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39, a 2024 kuma majalisa ta yi doka ta soke hukuncin ɗaruruwa a lokaci guda. Rahoton Sir Wyn Williams na Yuli 2025 ya ce mutum aƙalla 13 ake kyautata zaton sun kashe kansu saboda wannan al'amari.