Ba a fafe gora ranar tafiya

Mu a Matamaye ba sai an ba mu labari ba. Waya ta yi ƙara, wani ya ce daga kamfanin aika kuɗi yake: "Karanto min lambar da ta shigo maka yanzu." Kafin a sauke shayi na biyu a fada, kuɗin da 'yar uwa ta turo daga Aljeriya sun yi layar zana, ko an ƙwace maka WhatsApp ana roƙon dangi da sunanka.

Nijar tana da dokar 2019 kan laifukan intanet, tana da hukumar HAPDP mai kare bayanan jama'a. Amma doka sai an yi ɓarna take tashi. Masu tsaro muke rashi, su kuwa horar da su ake yi.

Ku dubi Estoniya, ƙasar da jihar Damagaram ta fi ta yawan jama'a. A 2007 masu kutse suka durƙusar da shafukan bankunanta da na gwamnati. A 2008 aka buɗe cibiyar tsaron intanet ta NATO a Talin, kuma tun 2010 cibiyar ke shirya atisayen Locked Shields. Ana gina ƙasar ƙarya a cikin kwamfuta, da wutar lantarkinta da ruwan famfonta, wata tawaga ta kai hari, sauran su kare. Injiniyoyi ke gina filin. Jagora kuma shi ke yanke hukunci cikin gaggawa: wace na'ura za a kashe, wa za a fara sanarwa. Duka biyun sana'a ce.

Ɗan uwa, 'yar uwa, ba sai ka je Turai ba. Fara da Linux da Python, ka gyara Turancinka. Gasar picoCTF ta Jami'ar Carnegie Mellon kyauta ce, cike da wasannin kutse na halal. Bayan BAC akwai makarantar ESCEP a Yamai. Amma kada ka gwada hannunka a asusun wani. Wannan sata ce, ba koyo ba.

Ga magajin gari da shugabannin makarantu, roƙonmu ƙarami ne: ɗaki ɗaya, kwamfutoci goma, wutar sola da intanet, inda samari da 'yan mata za su riƙa atisaye kowane mako.

Ɓarawon yana koyo kullum. Mu sai yaushe?