Tayar motar gudu: a karanta gefenta kafin a biya kuɗi

Ranar 30 ga watan Nuwamba na shekarar 2013, a garin Santa Clarita na jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, wata jar mota ƙirar Porsche Carrera GT ta ƙwace daga hannun direbanta, ta bugi falwayar fitila da itatuwa, ta kama da wuta. Mutum biyu ne a ciki, kuma babu wanda ya fita da rai: Roger Rodas, gwanin tseren mota da ke riƙe da sitiyari, da abokinsa Paul Walker, ɗan wasan fim wanda samarin Yamai da na Maraɗi suka sani ta finafinan Fast and Furious. Masu bincike sun ɗora laifin a kan gudu, domin motar tana tafiyar kilomita 130 zuwa 150 a cikin awa a hanyar da doka ta tsaida kilomita 72. Sai dai rahoton nasu ya ambaci wani abu da masana mota suka daɗe suna tattaunawa a kansa: daga cikin tayoyin motar akwai waɗanda suka kai shekara 9 da ƙerawa.

Irin wannan mota ba ta yawo kullum. Ajiye ta ake a gareji, a goge, a lulluɓe, a fito da ita ranar da ake son burgewa. Saboda haka tayarta kan tsufa ba tare da zanenta ya cinye ba, wanda ya dube ta da ido sai ya rantse sabuwa ce. Kyan ɗan maciji ke nan. Roba tana bushewa da shekaru, ko ta taka kwalta ko ba ta taka ba. Iska da rana da zafi suna ƙandarar da ita sannu a hankali, kuma robar da ta ƙandare ba ta kama ƙasa. Injin Carrera GT yana da ƙarfin doki 612, amma duk wannan ƙarfi, da na birki, da na juya sitiyari, ta wurare huɗu kawai yake isa ƙasa, kowane bai wuce faɗin tafin hannu da wani abin kirki ba.

Shi ya sa wanda ya mallaki motar gudu, wadda Faransawa ke kira voiture de sport, ranar da zai sauya taya bai kamata ya fara da tambayar suna ko kuɗi ba. Ya fara da durƙusawa ya karanta abin da ke rubuce a gefen tayar. Akwai jerin haruffa da lambobi da ke farawa da DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tun shekarar 2000 ake rubuta lambobi huɗu. Wadda aka samu da uku kacal ta girmi wannan shekara, wurinta gindin rijiya ko hannun mai yanka takalmi. Kamfanin Michelin ya ba da shawarar a riƙa kai taya wurin masani kowace shekara da zarar ta yi shekara 5 tana aiki, kuma a cire ta idan ta cika 10 ko yaya kyanta yake. Kamfanonin mota da dama ba su yarda a wuce shekara 6 ba. A ƙasar da zafin watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 a inuwa, hankali ya fi kwanciya da lissafi na biyun.

Bayan shekaru sai girma. A ɗauki tayar gaba ta ita wannan Carrera GT ɗin: 265/35 ZR 19. Lamba ta farko faɗin tayar ne, milimita 265. Ta biyu tsayin gefenta ne, amma ba da milimita ba: kashi 35 ne cikin ɗari na faɗin, wato kimanin milimita 93. Harafin R yana nufin tayar radiyal ce, irin saƙar da Michelin ya yi wa rajista a 1946, ita kuwa 19 faɗin ƙarfen wili ne da inci. Tayar baya ta fi girma, 335/30 ZR 20, don a baya injin yake tura motar. Wannan bambanci tsakanin gaba da baya al'ada ce ga manyan motocin gudu, kuma yana da sakamako a aljihu: ba a iya mai da tayoyin baya gaba don su cinye daidai kamar yadda ake yi wa taksi, sannan na baya sukan riga na gaba ƙarewa.

Kusa da girman akwai wata lamba da harafi guda, misali 94Y. Lambar tana faɗin nauyin da taya ɗaya ke iya ɗauka: 91 kilo 615 ne, 94 kilo 670. Harafin kuma iyakar gudun da aka gwada ta a kai: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270, Y 300. A nan ne masu mota da yawa ke yi wa kansu wayon rashin wayo. Mutum zai ce shi bai taɓa wuce 120 ba a hanyar Dosso, don me zai biya kuɗin tayar 300? Amsar ita ce harafin ba gudu kawai yake nunawa ba. Tayar da ta ci jarrabawar Y an yi mata saƙa da ɗauri masu jure zafi, gefenta bai cika lanƙwashewa a kwana ba, kuma a kan irin wannan taurin ne injiniyoyi suka daidaita sitiyari da birkin motar. Ana iya hawa sama da harafin da kamfani ya rubuta, ba a sauka ƙasa. Araha ba ta ado, balle a ƙafar motar da ke kai kilomita 100 a cikin ƴan daƙiƙoƙi.

Akwai kuma wata ƴar alama da ido kan tsallake. Manyan kamfanoni ba su tsaya ga girma da harafi ba. Sukan zauna da maƙeran taya a ƙera wa mota tata ta musamman, a buga mata hatimi. Porsche na sa harafin N da lamba, N0, N1, N2; BMW na sa tauraro; Mercedes MO; Audi AO; Ferrari K1. Tayoyi biyu na iya zama suna ɗaya, girma ɗaya, zane ɗaya, amma haɗin robarsu da saƙarsu ta ciki sun bambanta. Motar Porsche 911, wadda injinta ke rataye can bayan tayoyin baya, tana buƙatar tayar da ta san da wannan nauyi. Tarihin Carrera GT ma shaida ne: an daina ƙera ta tun 2006, bayan an fitar da guda 1,270, amma Porsche da Michelin sun sake fito mata da sabuwar taya mai hatimin N0 a 2013, suka kuma sake a 2024. Injin bai sauya ba. Robar zamani ce ta zo ta gyara wa tsohuwar mota hali.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mafi faɗi da mafi ɗanko ita ce mafi kyau a koyaushe. A 2012 kamfanin Toyota ya fitar da ƴar motar gudu mai suna GT86, mai ƙarfin doki 200, ya sa mata taya 215/45 R 17 samfurin Michelin Primacy HP, irin wadda ake samu a ƙafar Prius, motar masu tattalin mai. Mutane suka yi dariya, alhali da gangan aka yi. Injiniyoyin suna son mota mai zamewa kaɗan-kaɗan a gudun da bai kai na halaka ba, mai gaya wa direba tun da wuri cewa ƙasa ta fara kuɓuce mata. Wanda ya cire su ya sa masu ɗanko ƙwarai zai sami motar da ta fi sauri a kwana, ba shakka, amma ya sayi wata mota daban: ranar da za ta ƙwace, a babban gudu za ta ƙwace, kuma gargaɗinta gajere ne. Haka nan ƙara girman wili don ado yakan ɓata lissafin agogon gudu da na'urar ABS mai hana birki cijewa, idan kewayen tayar gaba ɗaya ya sauya.

Su kansu tayoyin gudu gida-gida ne. Akwai na hanya, irin su Michelin Pilot Sport da Continental SportContact da Pirelli P Zero, sunan da aka fara gani a ƙafar motar hanya tare da Ferrari F40 a 1987. Akwai kuma na filin tsere waɗanda doka ta yarda su hau titi, irin su Pilot Sport Cup 2. Waɗannan na biyun zanensu ba shi da zurfi, robarsu laushi gare ta, a busasshiyar kwalta kamar an liƙa su da ƙaro. Amma zanen taya magudanar ruwa ne. Idan ruwan Agusta ya sauka kamar da bakin ƙwarya ya kwanta bisa titi, taya marar zurfin zane ba ta iya kore shi, sai ta hau kansa tana iyo, sitiyari ya zama abin wasa a hannu. Dokar ƙasashen Turai ta tsaida milimita 1.6 a matsayin ƙarshen zurfin zane, amma a cikin ruwa taya takan rasa amincinta tun kafin ta kai can. Mai motar da ba ya shiga filin tsere ba shi da abin yi da tayar tsere, in ban da taƙama a bakin majalisa.

To, a ƙasar nan matsalar tana da wata fuska. Yawancin motocin ƙasaita da ake gani a manyan garuruwa sun yi rayuwarsu ta farko a Turai ko Amurka, kuma tayoyin gwanjo ma daga can suke fitowa. A cikin tarin da ake jibgewa bakin hanya akwai tayoyin hunturu masu yawa, waɗanda Turawa ke cirewa da zanensu da saura. Ana gane su da hoton tsauni mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki, galibi tare da haruffan M+S, da kuma ƴan tsage-tsage masu yawa a kan zanen. An haɗa robarsu ne don ta zauna da laushi a sanyin da bai kai digiri 7 ba. A kwaltar Tawa da tsakar rana sai ta yi laushin da ya wuce kima, ta cinye da wuri, birki ya ƙara tsawo. Mai sayarwa zai nuna zurfin zanen da yatsa yana yabo, kuma ba ƙarya ya yi ba, zanen da zurfi. Ba don wannan ƙasa aka yi shi ba ne kawai. Sannan tayar gwanjo ba ta ba da labarin ramukan da ta faɗa, ko tafiyar da ta yi babu iska, kuma irin wannan rauni a cikin saƙa yake ɓuya.

Ramin hanya ma abin lura ne. Tayar Hilux mai lamba 265/65 tana da gefen da ya kai kimanin milimita 172, kusan ninki biyu na wancan mai 93. Wannan tazara ita ce matashin da ke tsakanin bakin rami da ƙarfen wili. Inda Hilux ta wuce da ɗan girgiza, tayar motar gudu kan matse tsakanin rami da ƙarfe, igiyoyinta su tsinke, ƙulli ya fito mata a gefe kamar ƙwai. Wannan ƙulli ba ya faci, kuma mai facin da ya ce zai gyara shi bai yi wa mai mota alheri ba. Idan kamfani ya yarda da girman wili iri biyu ga mota ɗaya, ƙaramin wili mai doguwar taya ya fi dacewa da hanyar Damagaram.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu tsakanin direbobi, ta rage iskar taya lokacin bazara wai don kada ta fashe. Akasin haka ne gaskiya. Taya mai ƙarancin iska tana yawan lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar na haifar da zafi, zafin kuma shi ke raba roba da saƙa. Ma'aunin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin mai, kuma da safe ake aunawa, taya na sanye. Iskar da ta ƙaru bayan tafiya ba a sace ta. Maƙera sun riga sun sa ta cikin lissafi.

Ranar sauyi, huɗu tare ya fi. Idan aljihu bai kai ba, a sauya biyu na layi ɗaya, samfuri ɗaya, hatimi ɗaya, kada a haɗa wata a dama wata a hagu. Inda girman gaba da baya ɗaya ne, sababbin baya ake sa su, ko da kuwa gaba ke jan motar, domin zamewar baya ta fi wuyar kamawa. A tsaya a kan mai ɗaurawa: tayar da aka rubuta wa Outside wannan gefen waje yake kallo, mai kibiya da kalmar Rotation kuma kibiyar gaba take nunawa idan motar na tafiya. A sauya bawul, a daidaita nauyin kowane wili a kan na'ura, a duba saitin ƙafafu. Sabuwar taya tana fitowa daga masana'anta da ɗan santsi a fuska, don haka ƴan ɗaruruwan kilomita na farko a hankali ake yin su.