"A Sa Sunana" Ba Aiki Ba Ne



Makon jiya na je Zakka gaishe da yayata, na tarar da 'yarta da ke aji biyu a wata jami'a ta zo gida. Tana tsaye a gindin dalbejiya tana ɗaga waya sama, neman sabis take yi, idanunta sun yi ja. Malami ne ya haɗa su rukuni, su takwas, ya ba su aiki ɗaya da maki ɗaya. Biyu sun turo kuɗin buga takarda sun ce a sa sunansu, huɗu ko saƙon WhatsApp ba su buɗe ba, ɗaya kuma kullum "ina zuwa". Kwana uku ke nan tana yi ita kaɗai.

Yaya ta ce, "Gara ta yi abinta, kada su ja ta ƙasa."

Na ce, Yaya, a nan kam ban bi ki ba.

Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, karatun jami'a ya matso kusa da mu 'yan Safana da Batsari, ga kuma ta Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina. Duk inda yaranmu suka je za su gamu da irin wannan aiki, kuma mu ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Gayya ce. A gayya an taɓa ganin mutum ya aiko da kuɗi ya ce a ƙirga masa kunya? An taɓa ganin mai gona ya kori jama'a don ya fi su iya riƙe fartanya?

Ni a ɗakin marasa lafiya na gane nauyin abin. Idan za mu sauka daga aikin dare, sai mun miƙa wa masu karɓa kowane gado: wane magani aka ba, ƙarfe nawa, me ya rage. Wadda ta saba laɓewa bayan wasu a makaranta, ranar da ta kwana ita kaɗai da mai naƙuda tana zubar da jini, babu jerin sunayen da za ta shige. Ita kuma mai ɗaukar komai a kanta ba ta iya cewa "zo ki kama mini" sai abu ya ɓaci. Gaskiya ta biyun ta fi ba ni tsoro, don kowa yabonta yake yi.

Saboda haka in ɗanki ko 'yarki ta kira tana neman kuɗin aikin rukuni, kafin ki tura, tambaye ta: wane ɓangare ne naki? Ta faɗa miki da Hausa a minti biyu. Ko ba ki yi boko ba, za ki gane wadda ta karanta daga wadda ke kame-kame. In kuwa ita ce jakar rukunin, ki ce ta raba aikin tun ranar farko, kowa da nasa da ranar kawowa, a rubuce inda duk za su gani. Wanda bai kawo ba ta kira shi da baki tukuna. Wataƙila data ce babu, wataƙila gida ne ba lafiya. In ya ƙi, a je wa malami tun da sauran lokaci, ba daren miƙawa ba.

Kafin in baro Zakka na sa yarinyar ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Uku sun ɗauka. Ɗaya ma cewa ta yi, tun farko ta so ta yi ɓangaren gabatarwa, ba wanda ya tambaye ta.