Daga Gona Zuwa Tukunya: Adasiyya, waken bakin gona

A wannan fitowa mun nufi ƙasar Sudan, wurin 'yan uwanmu na Mai Wurno da ƙauyukan Jazira, domin mu ɗauko darasi daga wata 'yar itaciya da muka raina, su kuwa suka riƙe ta da daraja. Ita ce muke kira waken Turawa ko waken Masar, can kuma ana ce mata adasiyya.

Kakannin mutanen Mai Wurno sun sauka gaɓar Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, a ƙarƙashin Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban noman auduga na Jazira, Hausawa da yawa suka shiga aikinsa. A waɗannan gonaki an saba shuka adasiyya a gefe, ta kewaye amfanin gona kamar shinge.

Tsayinta yakan wuce na mutum, furenta rawaya ne. Saiwarta tana nitsawa ƙasa ƙwarai, shi ya sa take jure fari, kuma tana ƙara wa gona ƙarfi kamar sauran dangin wake. Ganyenta abincin awaki ne, kararenta makamashi. Ƙwayarta kuwa kusan kashi 20 cikin 100 nata sinadarin gina jiki ne. Idan azumi ya kama, da wuya a shimfiɗa tabarmar buɗa baki a Sudan ba a ga balila ba, wato dafaffiyar adasiyya.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya isa Wad Madani a Disambar shekarar, ban ruwa ya tabarbare, manoma da dama suka yi hijira. Sojojin gwamnati sun karɓe birnin a Janairun 2025. A irin wannan hali ake sanin darajar shukar da ba ta jiran takin zamani ko ruwa mai yawa, domin auduga ba ta shiga tukunya.

Saboda haka muna kira ga magidanta, da damina ta sauka, su jera ramuka a bakin gona ko jikin danga. Bayan kamar wata shida za a fara ɗiba. Uwargida ta shanya iri sosai, ta gauraya shi da toka, ta rufe a tulu saboda ƙwari.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.