Raƙuman Dawa Sun Dawo Gadabeji, To Mu Me Muka Tanada?

Zan soma da tambaya guda: a cikinmu mutanen Maraɗi, nawa ne suka taɓa ganin raƙumin dawa ido da ido? Ba a talabijin ba, ba a littafin ƴan makaranta ba. Na san amsar, mu kaɗan ne. Alhali ga shi nan cikin jaharmu, arewa da Dakoro.

A 1996 raƙuman dawan da suka rage a Nijar ba su wuce 50 ba, kuma irinsu sun ƙare a duk sauran Afirka ta Yamma. Da aka tsaya aka kula da su a yankin Kure, kusan kilomita 60 daga Yamai kan hanyar Doso, sai ga shi sun haura 600. A Nuwamban 2018 aka ɗauko guda 8 a manyan motoci aka kawo su gandun dajin Gadabeji, inda suka ɓace tun shekarun 1970. Gandun nan tun 1955 yake, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take karramawa a 2017.

Mutanen Kure sun ɗanɗani amfanin abin. Samari sun zama ƴan rakiyar baƙi, kuɗin shiga yana shigowa, ƙauyuka sun samu ɗan tallafi. Shi ya sa manomi yake haƙuri idan raƙumin dawa ya shigar masa gona ya ci wake. Amma kusan duk baƙin Turawa ne. Ranar 9 ga Agustan 2020 ƴan bindiga suka kashe Faransawa 6 ma'aikatan agaji da ƴan ƙasarmu 2 a wurin, direba da ɗan rakiya. Daga ranar nan hanya ta mutu. Raƙuman suna nan, waken ma suna ci, kuɗin ne babu.

Darasin da na ɗauka ke nan: sana'ar da ta rataya ga baƙon nesa, rana ɗaya take rushewa. Idan muna son Gadabeji ta amfani mutanenta, sai mu zama baƙin kanmu.

Wani zai ce, "Malam, talakan da ke neman hatsi ne zai je kallon dabba?" Gaskiya ne, ba kowa ba. Amma ku dubi kokowar gargajiya. Duk shekara jama'a suna cika motoci su bi takobi daga wannan jaha zuwa waccan, su biya masauki, su ci abinci, su sayi tsaraba. Ashe ɗan Nijar yana tafiya idan an ba shi dalili. Ƴan kasuwar Maraɗi, ma'aikata, ɗaliban jami'a, ƴan kwaleji da malamansu, duk masu iya zuwa ne in an shirya musu hanya.

To in sun je, me za su tarar na saye? Nan ne maganar sana'ar hannu ta shigo. Baƙon da ya kalli raƙumi ya juya, ɗan rakiya kaɗai ya amfana. Wanda ya tarar da rumfar mata, ga ƙwarya mai zane, ga ɗinkin Fulani, ga cuku, ga jakar fata, ya taɓa gida goma. Kuma ba mu rasa kaya ba. Fatar jar akuyar Maraɗi an san ta har ƙasashen waje. Dukawan Damagaram, maginan tukwane na Mirya, masu saƙar tabarma na Madawa, kowa da gwanintarsa.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya game da tabarma. Matan Gulbin Kaba, wajen Mayahi da Tasawa, su ke shan ƙaya da rana su yanko kaba, su kwana nawa suna saƙa, dillali ya saya a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Tabarmar roba kuma ta cika kasuwa. Da kuɗin ya yi kaɗan, sai a ƙara yanka don a cike gurbi, har ƙaramar kaba ba ta samun sararin zama goriba. Ka ga arhar tabarma ita ke cinye dajin. Ranar da mai saƙa ta samu farashin kirki, ita da kanta za ta tsare kabar, kamar yadda manomanmu suka tsare gawo a gonakinsu da sassaben zamani, da suka ga amfaninsa.

Ina da roƙo uku. Ga hukumomin garuruwanmu: kuɗin shiga gandu a san nawa ne, a san kason ƙauye, a karanta shi a bainar jama'a. Ga shugabannin makarantu: ko sau ɗaya a shekara a kai yara, bayan an tuntuɓi jami'an tsaro da na gandun daji, don ba a wasa da rai. Ga mu sauran kuwa: kayan ɗakin amarya, tsarabar tafiya, kyautar da ake ba baƙo a taro, mu nemi na hannun mutanenmu, mu bar taya shi kamar muna neman sadaka.

Makiyayin Gadabeji yana raba ciyawa da ruwa da dabbar da ba tasa ba. Idan shekaru suka wuce bai ga ko dala ba, kada mu yi mamakin ranar da zai daina ɗaga kai in ya ga maharbi.

Wanda ya taɓa zuwa Gadabeji ko Kure, ya ba mu labarin abin da ya gani a ƙasa. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka.